Daga Malamin Hakimi Zuwa Akawun Jami'a

Duk wanda ya tashi daga birnin Zariya ya nufi arewa, kafin ya taka ƙasar Kano sai ya ratsa ƙasar Kudan da ta Makarfi, Ikara kuwa tana gabas da su. Ƙasar noma ce tun fil azal, ta dawa da auduga, ga rake cike da fadamu, har mazarƙwailar wajen ta yi suna a kasuwanni masu nisa. In ana ba da tarihin waɗannan wurare, sarakuna da hakimai da yaƙe-yaƙe akan ambata. Ba safai akan tuna da mutanen da suka riƙe alƙalami ba, watau malaman hakimi, da malaman haraji, da akawunan Baitulmali, alhali kuwa ta hannunsu mulki ke isa ƙofar talaka. Nufina a nan in ba da labarin yadda aka koya wa waɗannan mutane aiki, da abin da koyon ya gyara, da abin da ya kasa gyarawa, har zuwa inda aikin ya koma hannun ma'aikatan ofis na jami'a.

Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki. Garuruwan da ke ƙarƙashin hakimi ɗaya ba a haɗe suke ba, wannan yana gabas, wancan yana yamma, sai ya riƙa aika jakadu suna karɓo masa kuɗin galma, da kuɗin karofi, da na shuke-shuken rafi. Akwai rubutu a lokacin, kada wani ya ce babu. Malaman fada suna rubuta wasiƙu da Larabci, a buga hatimi, alƙalai suna raba gado da hisabi mai zurfi wanda ɗan boko na yau zai yi gumi kafin ya warware shi. Abin da babu shi ne littafin da za a buɗe a ga nawa aka karɓa daga gari kaza, nawa ya iso. Jakada ya ci nasa, dagaci ya ci nasa, abin da ya rage shi ne rabon birni.

Turawa sun shiga Zariya cikin 1902. Ba a daɗe ba suka tattara garuruwa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita birni ya zauna cikin ƙasarsa. Sa'an nan aka kafa Baitulmali. Wani Bature mai suna Palmer ya fara shi a Katsina, zuwa 1911 ya bazu cikin manyan masarautun Arewa. Daga ran nan Sarki ya koma mai albashi, hakimi mai albashi, kuɗin haraji kuwa sai an rubuta shigarsu an rubuta fitarsu. Cikin 1911 ɗin nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasar Zazzau ta nufi Kano, ciniki ya buɗe, kuɗin Turawa suka kori wuri. To, sai tambaya ta taso, wa zai yi rubutun?

Ofisoshin Gwamnati ba su sha wahala ba, gama sun ɗauko akawuna daga Ikko, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana yanzu, mutanen da suka ji Turanci tun a makarantun mishan. Amma En'e da Hausa take aiki, kuma Sarki ba zai saki kuɗinsa a hannun baƙon da bai san asalinsa ba. Saboda haka cikin 1909 aka buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a hannun Hans Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa. Aka tara 'ya'yan sarakuna da malaman allo, aka koya musu rubutun boko, da lissafi, da awon ƙasa. Malamin da ya riga ya sauke Alƙur'ani ya iya ajami, ba ya daɗewa yake kama boko, don hannunsa ya saba da alƙalami. Daga irin waɗannan, da kuma waɗanda suka fito makarantun lardi da na Midil daga baya, aka sami malaman hakimi na farko.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin malamin hakimi, don yaran yanzu ba su san nauyinsa ba. Kowace shekara sai ya bi ƙauye ƙauye tare da dagatai da masu unguwa, ya rubuta sunan kowane magidanci da baligan da ke gidansa. Da damina kuma a ƙidaya shanun Fulani saboda jangali. In an yanka haraji, shi zai rubuta wa kowa takardarsa, in an biya ya ba da rasit, ya haɗa jimla, a kai kuɗi Baitulmali a Zariya, Ma'aji ya ƙirga ya gwada da littafi. Lissafin kuwa ba irin na yau ba ne. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi da taro da ɗari da anini a tsakani. A ce, bisa misali, unguwa tana da mutum 37, kowa an yanka masa sule 9 da sisi. Sai malam ya fitar da fam 17 da sule 11 da sisi, da ka ko a gefen takarda, ba na'ura. In ya kuskure da sule guda, ko dai ya cika daga albashinsa, ko kuwa a koma kan wani talaka a ce bai biya ba. Sau da yawa na biyun akan yi. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji, in malam bai iya cika rasit ba, ko ya ƙi bayarwa, ba shi da shaida ranar da dogari ya komo. Wannan shi ne asalin abin da ya sa koyon aikin akawu ya shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Amma tun a wancan zamani an ga iyakar koyo. A waɗansu lardunan Arewa an horar da malaman taki, waɗanda ke auna gona da taku don a yanka haraji gwargwadon girmanta. An koya musu awo sosai. Sai dai ƙafar da ke awon tasu ce, ba mai bin sawunsu. Manomin da ya ba da kaza sai takun malam ya yi tsawo, gonarsa ta ƙanƙance a littafi, wanda ya hana kuwa sai taku ya gajarce. Ƙarshe dai aka watsar da tsarin a yawancin wurare.

Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin ma'aikatan En'e a gindin wani suka koyi aiki. Yaro ya fito makaranta, a zaunar da shi kusa da tsohon malam, ya yi ta jan layi da kwafe sunaye har hannunsa ya faɗa. Wannan hanya tana da albarka, gama tana koyar da ladabi da sanin mutane. Aibinta shi ne, yaro yakan gaji kuskuren maigidansa tare da gwanintarsa, ya ɗauka duk ɗaya ne. Cikin 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya. A nan aka fara koya wa samari bugun tafireta, da jera fayil, da rubuta wasiƙa bisa ƙa'ida, da riƙon littattafan kuɗi, a aji, da malami, da jarrabawa.

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuta shi ne jawabin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa cikin watan Agusta 1950, inda ya nemi a binciki tsarin En'e duka a gyara shi. Maganar ta girgiza fada da bariki, don ba a saba jin irinta a bainar jama'a ba. Aka sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta abin da suka gani. Cikin 1954 aka yi sabuwar dokar En'e, cikin shekarar nan kuma aka ɗaukaka makarantar akawun nan ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, wadda kowa ya fi sani da sunan unguwar da take, watau Kongo. Sarkin Zazzau Ja'afaru ne ke bisa gado a lokacin, ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, kuma shi kansa ya daɗe yana hakimci kafin ya hau, ya san abin da littafin haraji ke nufi.

Gyaran nan ya sauko har gunduma. Aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka ba su 'yan kuɗin da za su kashe wajen rijiya, da rumfunan kasuwa, da gyaran hanya. Malamin hakimi a wuri kamar Ikara ko Makarfi, wanda dā haraji da wasiƙun hakimi ne kaɗai aikinsa, sai ga shi ya zama mai rubuta abin da majalisa ta tattauna, mai shirya kasafin shekara, mai cika boca. Ba wanda aka haifa da sanin waɗannan. Sai aka riƙa kiran ma'aikatan En'e zuwa Kongo ƙungiya ƙungiya, masu aikin Baitulmali dabam, magatakarda dabam, har hakimai da kansu akan kira su kwas na 'yan makonni. Aka kuma horar da malamai masu zagawa, suna bin gundumomi suna koya wa 'yan majalisa ma'anar zamansu. Daga 1957 aka fara horar da 'yan Arewa da za su gaji kujerun Di'o-Di'o, wani Bature mai suna Kirk-Greene yana cikin masu koyarwa, gama Sardauna ya ƙudura cewa mulkin kai, wanda Arewa ta samu ran 15 ga Maris 1959, ba zai yi ma'ana ba in ofisoshi suna hannun waɗansu.

Babbar jarrabawar Kongo ta zo cikin 1960, da aka kawo sabon kundin hukunta laifuffuka. Alƙalan Arewa malamai ne na fiƙihu, waɗansu sun yi Makarantar Shari'a ta Kano wadda aka buɗe a 1934, amma ba su saba da doka mai lamba da sashe ba, ba su kuma saba da rubuta shari'a yadda kotun ɗaukaka ƙara za ta bi ta daki daki ba. Aka fassara kundin da Hausa, aka yi ta kawo alƙalai da muftai ana karanta musu. Dattijo mai furfura ya zauna a benci kamar ɗan elementare. A ganina a nan ne aka fi ganin amfanin horo a fili, domin an koya wa mutum abin da zai yi aiki da shi gobe da safe, an mai da shi kujerar da ya bari, sa'an nan aka sa masu duba kotuna suna binsa suna karanta littafinsa.

Wannan na ƙarshe shi ne gishirin miyar. Ma'ajin da ya je kwas ya komo ya san ba a fitar da kuɗi sai da boca mai sa hannu, ya san ba a ɗebi kuɗin asibiti a yi ginin fada. Amma sani dabam, iya faɗa wa mai rawani "Ranka ya daɗe, doka ta hana" dabam. Abin da ke ba shi ƙarfin faɗin haka shi ne ya san Di'o zai zo rangadi, odita zai zo ya ƙirga akwati ba sanarwa, sai ya fake da su. Inda aka yi sakaci da wannan, takardar shaidar kwas ba ta hana kome ba. An ga yadda littafin kuɗi ke iya girgiza gadon sarauta sa'ad da aka sa Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi cikin 1963, ko da yake kowa ya san akwai siyasa a cikin maganar.

Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ba daga fili aka gina ta ba, haɗa makarantun da ke akwai aka yi: kwalejin da ke Samaru, da wurin binciken aikin gona na Samaru, da na dabbobi a Shika, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. Ashe makarantar akawu tana cikin iyayen jami'a, ko da yake 'ya'yan ba su cika faɗa ba. Norman Alexander ne shugabanta na farko, Dokta Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Ta fara da ɗalibai 426.

Jami'a kuwa wata En'e ce mai zaman kanta. Tana da magatakarda, wanda ke riƙe da sunan kowane ɗalibi da kowane ma'aikaci, shi ke rubuta abin da majalisun jami'a suka yanke. Tana da ma'aji da ofishinsa. Tana da masu sito, da masu bugun tafireta, da masinjoji. Malami yana koyarwa ya ba da maki, amma makin nan ba ya zama digiri sai ya bi ta hannun akawu biyar ko shida, kowa ya kwafe, ya haɗa, ya ajiye. Rasit ɗin haraji ne ya sake riga. Cikin 1966, da rikici ya sa mutanen Gabas suka bar Arewa, ofisoshi da yawa suka wayi gari ba mai bugun tafireta, ba mai riƙe leja, aka shiga horar da samari da gaggawa. An fafe gora ranar tafiya, amma ta nan 'ya'yan ƙauyukan kewayen Zariya da yawa suka sami shiga aikin ofis. Hunƙuyi ba ta da nisa da Samaru. Wani ya shiga yana masinja, ya koyi tafireta da yamma, ya ci jarrabawa ya zama akawu, ya tsufa yana shugaban ofis, ya san inda kowane fayil yake kwana.

Bayan wannan sai canje-canje suka yi ta zuwa bi da bi. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye fam, fam guda naira biyu, littafin kuɗi mai gida uku ya koma mai gida biyu, tsofaffin akawu suka koma ɗalibai. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma cikin 'yan watanni. An kori ɓarayi da ragwaye, ba shakka, amma an haɗa da waɗanda aka kashe shekaru ana horarwa, waɗanda suka rage kuwa suka koyi wani darasi da ba a koyarwa a Kongo, watau kujera ba ta da tabbas, kowa ya yi ta kansa. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, Ikara ta zama ɗaya daga cikinsu, daga baya aka fitar da Makarfi, sa'an nan Kudan mai hedkwata a Hunƙuyi. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a Jihar Kaduna. Talakawa sun yi murna, sun kuwa cancanta. Sai dai littafin da ke ɗauke da sunan kowane magidanci ya mutu tare da harajin, malamin haraji ya rasa abin da zai koya wa na bayansa.

A jami'o'i kuwa aikin ƙaruwa ya yi ta yi. Inda dā ɗalibai ɗaruruwa ne, yanzu dubbai ne barkatai. Tafireta ta ba kwamfuta wuri. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015, rajista da biyan kuɗin makaranta suka koma ta intanet. Amma horon ma'aikatan ofis bai bi sawun wannan gudu ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu da aka yi wa doka a 2011 ya tura malamai masu yawa ƙaro digiri, abin kirki ne. Ma'aikacin ofis kuwa abin da yakan kai gare shi shi ne kuɗin halartar taro na kwana uku ko huɗu a wani otal. Nan ma sau da yawa ba mai riƙe da fayil ake turawa ba, na kusa da maigida ne, ko wanda ya kusa ritaya ake so a yi masa alheri da kuɗin guzuri. In ma an tura wanda ya dace, yakan komo ya tarar an mai da shi wani ofis inda abin da ya koyo ba shi da amfani, ko kuwa ya tarar da kwamfutar ba wuta. Ba mai tambayarsa me ya koyo, ba mai zuwa bayan wata uku ya duba ko aikinsa ya sake.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne jikan mai akuyar nan. Manomin rake a Kudan ko Gimi ya sayar da amfanin fadamarsa shekara huɗu yana biya wa ɗansa makaranta. Yaro ya ci jarrabawa, amma an shigar da makinsa ƙarƙashin lambar wani, ko an juya harafi guda cikin sunansa. Sai sunansa ya ƙi fita cikin masu tafiya hidimar ƙasa, tsararsa su tafi su bar shi, shekara guda ta salwanta yana safa da marwa tsakanin ƙauye da ofis, kowace tafiya da kuɗin mota. Tsohon ma'aikaci ma haka, in an ɓatar da takardar ranar da ya kama aiki, fanshonsa ya maƙale. Akawun da ya yi kuskuren nan sau da yawa ba mugu ba ne. An zaunar da shi gaban na'ura ne aka ce ya yi, kamar yadda aka zaunar da kakansa gaban littafin haraji kafin 1947. Inda aka sami ofishin da shugabansa ya zauna da yaransa ya nuna musu aikin, ya kuma riƙa ɗaukar fayil goma cikin ɗari yana dubawa da kansa, za ka ga takardar da kan yi wata shida tana fita cikin mako biyu, da ma'aikatan nan dai, da albashin nan dai.

Kongo tana nan har yau cikin Jami'ar Ahmadu Bello, a nan ake karatun shari'a da na aikin mulki da sha'anin ƙananan hukumomi, sai dai yanzu masu neman digiri ne suka cika ta, ba ma'aikatan da aka ɗago daga teburinsu don a mai da su gare shi ba. Jami'a kuma ta iso ƙasar da muka fara da ita, gama makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi an haɗe ta da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Makarantar tana ɗauke da sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Kafin ya hau gado shi ma ma'aikacin alƙalami ne, ya yi sakataren Sarki Muhammadu Aminu, ya kuma yi sakataren majalisar En'e ta Zazzau.